Ƙafar Tafintanmu

Wanda bai taɓa sari a birnin Guangzhou na Chana ba zai zaci da kuɗi ake yinsa. Da ƙafa ake yi. Ki fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ki taka zuwa kasuwannin Guangyuan Xilu, ki hau bene ki sauko bene, ki ga riga a nan, ki ce bari in duba can ko da ragi, kafin ki dawo wata ta kwashe. Washegari tun da safe kina kasuwar Shahe, ana ture ki da amalanken kaya ba wanda zai ce miki sannu. Ni dama ba mai zama ba ce. Tun ina yarinya a Kano mahaifiyata ke cewa kamar an zuba min barkono a kan tabarma, don haka garin ya dace da ni, na shekara da shekaru ina zuwa sarin kayan yara, wani zuwan ma in yi watanni ban koma ba.

Duk wannan yawon da tafinta nake yinsa. Mutumin Maraɗi ne, magidanci, iyalinsa na can gida. Karatu ya kawo shi Chana, ya gama ya zauna, ya samu aiki a wani kamfani na ɗan ƙasar da ke haɗa mana kaya a sito, ya ɗaure su dila-dila, ya loda a kwantena. Aikinsa ya tsaya tsakaninmu da su. Mu faɗa da Hausa, ya juya musu da Sinanci, su ce “meyo”, wato babu, ya yi ta lallaɓa su har babun ta zama akwai. Takardunsa cikakku ne, izinin aiki da na zama duka, abin da ba kowa ke da shi ba a cikinmu, shi ya sa muke ji da shi. In 'yan sanda suka tare hanya a unguwar Xiaobei suna duba fasfo, wasu su shige lungu, shi kuwa ya wuce ta gabansu yana cin gyaɗarsa. Nakan tsokane shi in ce mutanen Nijar ba su iya sauri ba, sai ya ce ai Kanawa ne ba su iya isa ba, kullum suna hanya.

Sai na faɗi wani abu game da mahaifina, in ba haka ba za a ce zafin kaina ba shi da dalili. A masana'antar jima ya yi aiki a Kano, inji ya cinye masa yatsu uku na hannun dama. Ina tsakar gida manaja ya zo dubiya da buhun shinkafa a bayan mota. Aka shimfiɗa masa darduma, aka yi ta cewa ƙaddara ce, mahaifina ya ɗaga hannun nan da ke naɗe da bandeji yana godiya. Sai da na girma na ji ashe akwai doka a ƙasarmu da ta ce a biya ma'aikaci diyya in ya ji rauni a bakin aiki. Ba wanda ya faɗa masa. Shinkafar ta ƙare kafin ciwon ya warke, kuma har ya rasu da hagu yake ƙoƙarin saka maɓallin riga.

Ranar da abin ya faru ina cikin siton, bayan la'asar, ina duba ko an haɗa min kayana da na wata mata. Sito ya cika maƙil da kayan Alhaji. Alhajin nan shi ne shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa a garin, dattijo mai kirki a yawancin ranaku, shi ke karɓo gawa in an yi rasuwa, shi ke belin wanda aka kama. A lokacin zaɓe ya matso a gida, ya samu kwangilar rigunan kamfen na wani mai neman gwamna a wata jiha, riguna jibgi guda, kowacce da fuskar mutumin yana murmushi, a ƙasa an rubuta cewa shi ne gatan ma'aikata. Direban motar ɗaga kaya ya ɗauko dila uku a wurin da ya kamata ya ɗauki biyu. Tafinta na tsaye yana duba lambar da ke jikin wata dilar. Ta saman ta zamo ta sauko masa a ƙwauri. Na ji ƙarar, kamar an karya rake.

Yarinyar da ke kan kwamfuta a ofishin siton ta ɗauki waya za ta kira motar asibiti. Alhaji ya ɗaga mata hannu. Ya ce asibitin nan in suka kama ƙafa sai sun tsaga ta sun cusa ƙarfe, wani ma a yanke, alhali ga mai ɗori Allah ya kawo mana har gari, wani mutumin Damagaram da ya zo sarin wayoyi, ya sauka a masauki a titin Huanshi Lu, ɗori gadonsu ne tun kaka da kakanni. Mazan da ke wurin duk suka ce haka ne. Mai kamfanin, da muke kira lawban, ya sauko daga sama fuskarsa ta yi fari fat. Da aka yi masa bayani da hannu da guntun Turanci cewa za mu tafi da mutuminmu, sai na ga jini ya dawo masa fuska. Ya zaro makullin motarsa ya miƙa, har da buɗe ƙofa da kansa. Mutumin da ko ledar ɗaure kaya sai ya caje mu.

Na ce a tsaya, a kai shi asibiti tukuna ko hoton ƙashin ne a ɗauka. Alhaji ya dube ni ya ce, “Hajiya, ki bar mana wannan, mu muka san karaya.” Na dubi tafinta. Yana cije da leɓe, gumi na zuba, bai ce komai ba. Wani ƙato ɗan Kantin Kwari ya goya shi a baya, aka fita da shi.

A baranda na tsaya lokacin da ake ɗorin, ina jiyo salatinsa ta bayan ƙofa. An yanko gora daga wani gini da ake yi a kusa aka tsaga ta a maimakon kara, wani ya ciro man shanu da ya zo da shi daga gida, mai ɗori ya yi tofi ya ja ƙafar ya ɗaure. Ya ce kada ya taka, kada a jiƙa, in an kwana biyu zai dawo ya kwance ya sake. Bai dawo ba, domin wayoyinsa sun kammala, ya bi jirgi ya tafi, ya bar wa wani sallahun yadda za a yi.

Gaskiya ba zan ci haƙƙin mutanenmu ba. An yi jinya irin wadda ko a gida sai haka. Ɗakin tafinta da ke hawa na sama a wani lungu bayan Xiaobei da wuya ya rabu da mutane. Wannan ya kawo lemo, wancan ya zo ya yi masa aski, wani ya riƙe shi zuwa banɗaki. Ni na ɗauki abinci, kullum in tuƙa tuwon shinkafa, in kaɗa kukar da na ɓoyo a cikin akwati, in hau benen nan ina haki. Amma raina bai kwanta ba ko sau ɗaya. In na shiga kasuwa sai in tsaya gaban shago ban san me na zo saye ba. Na sayi wandunan 'yan shekara biyu a maimakon na 'yan shekara biyar, dila guda, ban lura ba sai a sito. Na ɗaga tafiyata gida, na sake ɗagawa.

Wata rana na same shi shi kaɗai, na tambaye shi ko a ƙasar nan babu dokar diyya ne. Ya yi ɗan murmushi ya ce akwai, kuma da ƙarfinta. Ya taɓa raka wani ɗan Ghana ofishin ƙwadago a kan irin wannan, don haka ya san hanyar. Ya ce duk ma'aikacin da ke da izini, ko baƙo ne, kamfani zai riƙa biya masa inshorar rauni. In abu ya faru, asibiti za a fara zuwa, likita ya rubuta abin da ya gani, kamfani ya kai rahoto cikin wata guda, in ya ƙi, ma'aikacin na da shekara ya kai da kansa. In ofishin ya amince raunin na aiki ne, za a yi magani, albashi ba zai tsaya ba, sannan a auna nakasar a biya. Ya ce shi dai ya daɗe da gano lawban bai taɓa biya masa inshorar ba, kuma a doka in haka ta faru, komai daga aljihun mai kamfani zai fito. A nan na gane dalilin makullin mota.

Na ajiye kwanon da ke hannuna na ce, “Ka san duk wannan, kana kwance a ƙasa yarinya ta ɗauki waya, ka yi shiru?”

Ya ce, “Hajiya, mi zan ce? Dattijo ya tsugunna yana riƙe da kaina yana karanta mini addu'a. Wanga ya cire rigarsa ya ɗaure mini ƙafa, wancan ya duƙa ya ce in hau bayansa. In buɗe baki in ce ku sake ni, na fi yarda da baƙi? Bakina bai iya ba.”

Haushi ya kama ni har na rasa wanda zan ji haushinsa. Na sauko benen na yi ta tafiya a Huanshi Lu, na wuce tashar da zan shiga jirgi, na wuce ta gaba, sai da ƙafafuna suka yi zafi na tsaya.

Da aka kwance gorar, ƙafar ta haɗe amma ba a daidai ba. Daga gwiwa ta taho sosai, a tsakiyar ƙwauri ta karkata waje, kuma in ya tsaya ta fi ɗayar gajarta. Masu dubiya suka yi ta cewa alhamdulillahi ƙashi ya kama, saura tausa. Ban nemi shawarar kowa ba, na kira tasi na sa shi a gaba sai asibiti. Likitan ya ɗaga hoton a fitila ya daɗe yana kallo, sannan ya yi magana da faɗa-faɗa. Tafinta ya juya min da Hausa cikin sanyin murya, kamar ƙafar wani ake magana a kai. Wai ƙashin ya haɗe a karkace, sai an sake karya shi a ɗakin tiyata an sa ƙarfe, in kuwa aka bar shi haka, zai yi ɗingishi har abada, gwiwa da ƙugu su ma su biyo baya. Ƙarfen da aka guda dai shi ne. Likitan ya rubuta cewa tsohuwar karaya ce, amma ya ce ba zai iya rubuta inda ta faru ba, tunda bai gani ba sai yanzu.

Muka je ofishin ƙwadago. Matar da ke bayan gilashi ta saurare shi da kyau, ba ta wulaƙanta mu ba. Ta ce lokaci bai ƙure ba, za a bincika, za a tuntuɓi kamfani. Da aka tuntuɓi kamfanin sai lawban ya ce ranar ma mutumin ba ya wurin aiki, a masaukinsa ya faɗi, kuma na'urar ɗaukar hoto ta sito ta riga ta goge na watan da abin ya faru. Direban motar ɗaga kaya an ce ya koma ƙauyensu. Yarinyar kwamfuta ta daina haɗa ido da ni. Matar ofishin ta ce to a kawo waɗanda suka gani da idonsu.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, mutum nawa ne a wurin. Na fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaton da ya goya shi ya ja ni gefe ya ce bizarsa ta ƙare tun bara, in ya shiga ofishin gwamnati ba zai fito ta ƙofar da ya shiga ba. Wani ya ce shi da bizar yawon buɗe ido ya shigo, in aka tambaye shi me ya kai shi sito fa. Wani ya ce kayansa na hannun lawban. Wanda ya cire rigarsa ya ɗaure ƙafar har hawaye ya yi, amma bai ce zai je ba. Mutanen da suka hau bene da kwanukan abinci ba gajiya, ofis mai hawa ɗaya ya gagare su. Na ce ni zan je, takarduna lafiya lau suke, kuma ina tsaye a wurin.

Sai Alhaji ya aiko a kira ni. Na same shi a shagonsa yana shan shayi, ya sa aka zuba min, ya yi min magana a hankali kamar yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Ya ce zaɓe ya ƙarato, in rikici ya shiga tsakaninmu da kamfanin nan, kwantenar riguna ba za ta tashi ba, kuma ba shi kaɗai zai kwana ciki ba, akwai waɗanda suka sa hannu a kwangilar. Ya ce hukuma ta riga ta sa mana ido, masu gidaje na neman dalilin korar baƙar fata, in aka ji mun fara kai 'yan ƙasa ƙara, wa zai ba mu haya. Ya ce kuma izinin zaman mutumin nan a hannun kamfanin yake, ko ya ci shari'a, ranar da kwantiraginsa ya ƙare wa zai sabunta masa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba duka ne ƙarya ba. Na ce masa, “Alhaji, rigunan nan an rubuta gatan ma'aikata a jikinsu. Su suka karya shi.” Ya ce in ji tsoron Allah, dila ba ta san abin da aka rubuta mata ba. Na bar masa shayinsa ban taɓa ba.

Muka sa rana da tafinta za mu koma ofishin in ba da shaida. Da hantsi na tsaya a kan gadar masu tafiya a ƙasa ta Xiaobei ina jiransa. Na je wannan ƙarshen na dawo wancan, na leƙa ƙasa ina neman mai sanda a cikin jama'a. Masu raba katin kamfanonin kaya suka miƙo min har suka gaji suka daina. Can sai wayata ta yi ƙara. Tafinta ne, ya ce in yi haƙuri. Alhaji ya samu lambar kawunsa a Maraɗi, kawun ya kira shi da asuba, ya ce ba a san gidansu da kai ƙara ba, mutanen da suka yi jinyarsa kada ya jawo musu fitina, ya bi abin da manya suka tsara. An yi sulhu. Zai sa hannu cewa ba a wurin aiki ya karye ba, lawban zai ba shi wani abu a ambulan, ya kuma bar shi a kan tebur yana amsa waya har kwantiraginsa ya cika. Na tambaye shi ko abin da ke ambulan ɗin zai isa a yi aikin ƙafar. Ya ce zai dai isa a sayi sanda mai kyau, sannan ya yi dariya, ni ban taya shi ba.

Kwantenar ta tashi a kan lokaci. Alhaji ya ce a yi walima don a nuna wa lawban mu mutane ne masu halacci. An yi ta da rana bayan sallar Juma'a, a wani gidan abinci na Musulmin Chana da ke saman bene a Huanshi Lu. Na ce ba zan je ba, na sa mayafi na cire, na sake sawa, daga ƙarshe na je na zauna a can baya kusa da ƙofa. Aka sa wa lawban hula zanna, ta yi masa yawa tana rufe masa kunne, kowa na tafi. Alhaji ya miƙe zai yi jawabi, sai aka tuna lawban ba ya jin Hausa. Aka waiga ana neman mai fassara, kuma mutum ɗaya ne a ɗakin da zai iya.

Tafinta ya dafa bayan kujera ya miƙe. Duk nauyinsa a kan ƙafar hagu, ta daman tana ɗan taɓa ƙasa da yatsu. Alhaji ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, tafinta ya juya maganar da Sinanci. Alhaji ya ce mun gode wa mai kamfani da ya ba da motarsa a ranar, ya juya. Alhaji ya ce ɗan'uwanmu ya yafe, mu ma mun yafe, ba mu bin kowa komai. Tafinta ya gyara riƙon kujerar, sannan ya juya. Lawban ya yi ta gyaɗa kai yana cewa “shiye-shiye”, wato shi ma ya gode. Ni kuwa hannun mahaifina kawai nake gani, naɗe da bandeji, yana sama.

Da aka watse na tsaya a bakin bene har ya iso. Na yi ta fatan ko ya rage wani abu, ko ya cusa wata kalma tasa a ciki, tunda ba mai ganewa a cikinmu. Na tambaye shi, “Duka ka faɗa masa? Har da yafiyar?”

Ya ce, “Duka, Hajiya. Ban taɓa rage wa kowa magana ba.”

Ya miƙo min sandar in riƙe masa, ya kama ƙarfen benen da hannu biyu. Ya sauke ta hagu, ya jawo ta daman ta same ta, ya huta, ya sake sauke ta hagu. Mutanenmu suna ta raɓawa ta gefensa suna sauka da sauri, kowa na ce masa sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Ni da ban taɓa iya jiran kowa a bene ba, na bi bayansa a hankali da sandar a hannuna, har muka kai ƙasa.